Goyon Cikin da Aka Hana Ni

Wannan abu a fari na biyu ya faru, ba na farko ba. Yaran yanzu suna haɗa su wuri ɗaya, ni ba na haɗawa. Na farko shi ya cinye mana shanu a Adar, ya kashe mijina da tari, ya koro ni Yamai da ƴar budurwata a gaba, shekarar da soja suka karɓi mulki. Na biyu ya zo bayan gobarar Babbar Kasuwa, shekarar da Najeriya ta rufe iyaka har garin rogo ya zama abin marmari. To, a wannan nake.

Ban yi lakwal ba, ban iya rubutu ba. Jikar ƙanena ke riƙe da biro, ni ke riƙe da magana, kuma na gaya mata in ta gyara mini kalma don ta yi kyau, Allah yana gani. Ni ce Hajo mai masa ta Kalley. Tsofaffin direbobin taksi sun san tandata, sun kuma san bakina.

Yarinyar da na yi jinya ɗiyar farina ce. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Ran Alhamis na haife ta, saboda haka Lami nake ce mata, haka kuma za ku ji ta a nan. Ta auri Idi, direban kamiyo, babbar motar kaya, suna zaune a Harobanda, ƙetaren gada. Shi ya gan ta, ita ta gan shi, ba wanda ya tilasta wani. Na faɗi wannan don kada ku ɗauka mugu ne tun farko.

Ciwon nata ba mai kwantar da mutum ba ne. Wata zai wuce ba ta ga al'ada ba, ƙirjinta ya yi nauyi, ta fara kau da kai daga warin man da nake suya da shi. Sai in yi kamar ban gani ba, zuciyata na rawa. Bayan ƴan kwanaki sai jini ya ɓalle da guda-guda, ta zo ta zauna kusa da murhuna. Haka shekara da shekaru. Ciki yana zuwa bakin ƙofa, ya leƙa, ya juya.

Magani kuwa, wane ne ba mu sha ba? Wata ta ce mahaifa ce ta juya, muka kai ta wajen ungozoma ta murɗe ta har ta yi kwana biyu ba ta miƙe tsaye ba. Wani ya ce iska ce ke aurenta, muka yi hayaƙi har zannuwanta suka ƙi barin wari. Ta sha rubutu, ta sha saiwa, ta sha wani abu baƙi daga wajen wani masunci a Goudel wanda har yau ban san ko mene ne ba. Kowa da ya karɓi kuɗina ya ce mini wannan watan ne.

Sai damina ta ƙi. Da kaka ta yi, ba abin girbi, mutanen ƙauyen su Idi suka taso. Uwarsa, tsohuwa Zali, ta zo da matan ƴaƴanta da jikoki, waɗanda mazansu suka tafi neman abin kai wa baki. Ɗaki biyu ne gidan. Ba su iya fita bara ko aikatau, don soja suna kwasar waɗanda suka gudo daga ƙauye suna mai da su. Sai suka zauna a tsakar gida kamar kaji ranar ruwa. Idi kuwa an ɗauki motarsa tana jigilar dawar taimako zuwa arewa, ya tafi ya daɗe, ya dawo ya kwana ya koma. Lami ce mai daka, ita ce mai tuƙi, ita ce mai rabo. Kun san matar gida: baƙi su ci, yara su ci, surukuwa ta ci, ita ta kankare ƙanzo ta sha ruwa a kai.

Wata safiya ta faɗi a bakin famfo, jini na bin ƙafarta. Maƙwabciyarsu ta sa ta a taksi, ta aiko mini. Na bar masa a kan wuta ta ƙone, ban waiwaya ba.

Asibitin mata a lokacin, in ba ki zo kafin rana ta fito ba, kin zo gobe. Layi tun daga baranda har gindin bishiyoyi, mata zaune kan zannuwansu, wasu da yara da wuyansu ba ya riƙe kai. Da muka isa teburi, wata ungozomar asibiti, sajfam suke ce musu, ta ɗago ta ce mini da Hausar kasuwa, “Inna, yaya sunan shi?”

Na dubi rufi.

Ta sake tambaya. Na ce, “Ga ta nan zaune, tana da baki.”

Sai ta yi dariya. “Ɗiyan fari ne ko? Uwana ma haka. Har ya mutu bai kira ni ba.” Madam Fati ke nan, Bazabarma, gajeriya, mai faɗa kamar barkono. Allah ya saka mata da alheri. A cikin wannan labarin duka, ita kaɗai ce ba ni da ƙorafi a kanta.

Bayan jinin ya tsaya ta kai mu wajen lokotoro, likita ke nan. Yaro ne siriri, da na gan shi na ce a raina wannan ko kaza bai taɓa yankawa ba. Ya yi tambayoyi, Lami na amsawa tana kallon ƙasa. Sai ya juyo gare ni.

“Inna, kin taɓa shuka?”

“Tun ba a yi auren uwarka ba.”

Bai ji haushi ba. Ya ce iri yana iya zama mai kyau, amma in ya faɗa a ƙasar da ba ta jiƙa ba, banza ne. Ya ce kowane wata mahaifa tana yin shimfiɗa a cikinta don baƙon da zai zo, kuma akwai ƴan kwanaki kaɗan da shimfiɗar ke yin laushi da kauri ta riƙe shi. In ba ta nuna a kan lokaci ba, baƙo zai zo ya rasa wurin zama ya wuce. Yana so ya ɗan tsinko kaɗan daga ciki, a kwanakin da ya kamata a ce ta nuna, a duba a madubinsu. Biyofsi, ya ce. Kalmar ta maƙale mini kamar ƙayar kifi, har yau tana nan.

Ranar da ya sa, muka dawo. Ina zaune a waje na ji nishinta sau ɗaya, irin na wadda ta ciji zane. Ba ta yi ihu ba. Jinina ce. Da ya fito ya nuna mini kwalba, ga wani ɗan abu na yawo cikin ruwa, bai kai ƙwayar gero biyu ba. Na ce, “Wannan ne zai gaya maka abin da malamai suka kasa?” Ya ce, “Shi ba ya ƙarya, Inna, sai dai yana jinkiri.” Sai an aika da shi wata ƙasa. Na sayar da tasoshin da na tara tun aurenta, na biya, muka zauna jira.

Muka yi ta zuwa ana cewa sakamako bai dawo ba. Sanyi ya shigo sosai kafin ya dawo. Lokotoro ya duba takarda, ya sa Lami ta hau ma'auni, ya buɗe fatar idonta. Sannan ya ce mahaifarta ba ta juya ba, ba ta toshe ba, ba abin da ya lalace. Shimfiɗar ce siririya, kuma tana makara. Ya ce jiki ba wawa ba ne: in bai ƙoshi ba, ba ya yi wa baƙo shimfiɗa. Ya rubuta allurai, ya ce amma allura ba ta maye tuwo. Hanta, ƙwai, madara, wake, kullum. Kuma a gaya wa mijin, ya zo ya ji da kunnensa.

A gaya wa mijin. Wa zai gaya masa? Ni surukuwarsa ce. Tun da aka ɗaura auren ban taɓa haɗa ido da shi ba, in ya shigo ta nan in fita ta can. Ita kuma Lami ba za ta iya buɗe baki ta ce wa miji uwarka da jikokinta sun cinye mini haihuwa ba. Sai na aiki ƙanena Sani, tela ne a bakin kasuwa. Na maimaita masa komai har sau uku. Ya tafi ya dawo yana sosa ƙeya.

“Me ka ce masa?”

“Na ce lokotoro ya ce a kula da ita.”

“Shimfiɗar fa? Zuwan da aka ce ya yi fa?”

“Haba Yaya! Ni da gemuna in zauna gaban yaro ina maganar cikin mahaifa? Ai ya gane.”

“Me ya ce?”

“Ya ce insha Allahu.”

Ga saƙon da na sayar da tasoshina a kansa. Ya bar hannuna da kai da ƙafa, ya isa a matsayin insha Allahu.

Na ce to, bari in yi da hannuna. Kullum in na tashi daga masa sai in sayi hanta in gasa, in dafa ƙwai, in ba maƙwabciyarsu ta ƙetara da shi. Sati ya wuce, wani ya wuce, muka je allura na ga wuyanta yadda na bar shi. Na tsare ta a bakin asibiti.

“Ke, ina abin da nake aikowa yake zuwa?”

Ta ce, “Inna, abin da ya shigo gida gaban tsohuwa ake ajiye shi. Ita ke rabo.”

“Ke ba ki da baki ki ce magani ne?”

“Na faɗa. Ta ce ƙwai bai kamaci mai neman haihuwa ba. Hantar kuma ta miƙo mini, wallahi ta miƙo mini. Amma yara sun kewaye ni, ba su ce komai ba, kallo kawai. Inna, ta ina zai wuce?”

Na san kallon. Na taɓa yi wa wasu irinsa a fari na farko.

A al'adarmu, in yarinya ta yi cikin fari ya tsufa, ana mai da ita gidan uwarta goyon ciki, a ciyar da ita, a lallaɓa ta har ta haihu. Na kwana da wannan a rai, da safe na yafa mayafina mai kyau na ƙetara gada. Ni Hajo, da ban taɓa shan ko ruwa a gidan suruki ba. Na tarar da tsohuwa Zali zaune bakin ɗaki tana tsefe wa wata jika kai. Ta rame ita ma, ba zan ɓoye ba. Muka gaisa, muka tambayi gajiya da sanyi da mutanen gida. Sannan na ce, “Uwar Idi, alfarma na zo nema. A ba ni Lami goyon ciki.”

Ta tsayar da hannu. “Ciki gare ta?”

“A'a. Don ta samu nake so.”

Matan da ke tsakar gida suka ƙunshe dariya. Zali ta ce, “Ikon Allah. A Adar haka kuke yi, a yi wa jariri aski kafin a haife shi? In yaji take so ta yi, ta faɗa. In kuma kina nufin mun cinye mata abinci ne, ki faɗa a fili, mu tattara mu fita soja su kwashe mu, ki huta.”

Na ce, “Ban ce ba.”

“Ba ki ce ba, amma mayafinki ya ce. Ta tafi, wa zai daka wa yaran nan? Ta kawo cikin, ni da kaina zan rako ta da guɗa.”

Sai an ƙoshi a samu cikin, sai an samu cikin a ba ni ita ta ƙoshi. Na dawo a ƙafa, ban san lokacin da na wuce gadar ba.

Madam Fati ce ta warware. Da na gaya mata sai ta buga teburi. “Shi ke nan? Allura sau ɗaya ne a sati, ni na ce sau uku. Wa zai yi gardama da asibitin gwamnati?” Daga nan Lami ta riƙa fitowa da katinta a hannu, ba mai hana ta. Ni kuma ina jiranta a inuwar bishiyar bedi bayan ɗakin allura, da hanta mai zafi da ƙwai da fura da nono. Ta juya mini baya ta ci, don kunya, ni ma in juya mata baya ina korar ƙuda. Wata rana na waiwaya na kama ta tana ƙulle tsoka a bakin zane.

“Ta wa?”

“Ta Rabi ce, ƴar ƙaramar. Tana tari.”

Na buge hannun. Na ce, “Rabi tana da uwa. Ci.” Ta ci tana hawaye. Ban yi nadama ba, ko yanzu.

Da zafi ya shigo kumatunta sun fara dawowa. Fatarta ta yi sheƙi, tafiyarta ta yi nauyi irin ta mata. Lokotoro ya sake tsinko abin nan, na sayar da akuyar da ta rage mini, muka sake jira. Wannan karon da ya buɗe takarda sai na ga haƙoransa. Ya ce, “Inna, gonarki ta sha ruwa.” Shimfiɗa ta yi kauri, ta nuna a kan kwananta. Ya ce yanzu saura mai gida ya zauna a gida. Madam Fati ta rungume ta. Ni na fita waje na gyara ɗaurin kallabina, don kada a ga fuskata.

A satin nan aka kwashe su Zali. Damina ta matso, hukuma ta ce kowa ya koma ƙauyensa ya yi shuka. Motoci suka tsaya a bakin layin su Idi da hantsi, aka bi gida gida, ba nasu kaɗai ba. Aka ɗora Zali da matan da yaran, ko tukunyar da ke kan wuta ba su sauke ba. Lami kuwa tana ina? Tana gindin bedi tana cin hanta.

Idi ya dawo daga arewa ya tarar da gida wayam, sai matarsa, ta yi ɓul-ɓul. Masu baki suka same shi tun a bakin titi. Suka ce kullum tana fita da takarda zuwa wurin gwamnati. Suka ce uwarta ta zo ta nemi a fitar da baƙi. Suka ce ranar da aka zo ita kaɗai ce ba ta nan, wa ya gaya mata?

Da la'asar sai ga Lami a Kalley da ƙullin kaya, shi yana biye. Ran nan na buɗe baki na yi wa surukina magana, ido cikin ido.

Na ce, “Idi, ni da na ci jar dawa a sansanin ƴan gudun yunwa zan tona wa mai yunwa asiri? Zo mu je wajen lokotoro yanzu, ya gaya maka abin da take zuwa yi.”

Ya ce, “Na ga abin da take zuwa yi, Inna. Ga shi nan a kumatunta. Uwata tana ramewa a ɗakina, matata tana ƙiba a waje.”

“Don ɗanka ta ci!”

“Wane ɗa?”

Ba ni da abin nuna masa. Ɗan ƙwayar gero ne a cikin kwalba, a wata ƙasa. Ya sake ta saki uku a numfashi ɗaya, a gaban tandata, masu sayen masa suna tsaye.

Daga baya Zali ta aiko daga ƙauye cewa ba Lami ba ce, layin duka aka share. Idi ya zo ya durƙusa wa Sani yana kuka. Malamai suka ce uku uku ne. Kukansa bai ɗinke komai ba.

Ta yi iddarta a ɗakina. Jini uku aka ce ta jira. Ruwa ya sauka a shekarar nan kamar da bakin ƙwarya, ko'ina aka jefa iri sai ya tsiro, har a kan juji. Ita kuma al'adarta ta zo sau uku, kowanne a kan lokacinsa, ba ciwo, ba guda, ba makara. Tun da ta balaga ba ta taɓa samun watanni masu kyau irin na iddarta ba. Na samu goyon cikin da na roƙa. Na ciyar da ita har ta ture kwano. Shimfiɗa aka yi ta yi, ana naɗewa, ba baƙo.

Ta daɗe ba ta yi aure ba. Da ta yi, wani dattijo ne mai lambu a Goudel, mutumin kirki, ƙarfinsa ya riga ya tafi. Na ce mu koma asibiti. Lokotoron an mai da shi wani gari, ita kuma ta ce, “Inna, an tsinke ni sau biyu, na ji amsa. Ya isa.” Ta reni ƴaƴan mutane da yawa. Nata bai zo ba. Ta rasu shekarar da kogi ya cika ya ci gidajen Harobanda.

Abin da ya sa na sa a rubuta: in ɗiyarki tana ɓari tun ciki bai zauna ba, kafin ki tambayi wa ya yi mata asiri, ki tambayi me ta ci jiya. In lokotoro ya ce a kawo miji, ki kama shi da hannunki ki kai shi, ko da surukinki ne, ko da garin duka zai ce ba ki da kunya. Kada ki aiki mai gemu.

Zali ta mutu. Sani ya mutu, na yafe masa rabi. Lokotoro ban san inda yake ba, in yana raye Allah ya ba shi lafiya, bai yi mini ƙarya ba. Madam Fati tana nan, idonta ya tafi, bakinta bai tafi ba, duk Sallah ina aika mata masa. Idi yana nan, a kan kujera a ƙofar gidansa, jikoki na hawa kansa. Rabi mai tari tana nan, babbar ƴar kasuwa ce, ta taɓa kawo mini atamfa, ba ta san komai ba, ban kuma gaya mata ba. Bishiyar bedin ma tana nan, na sa an duba mini.

Sai ni. Mai rubutun nan ta ɗaga biro tana tambayata ko ta sa sunan Lami na yanka a ƙarshe, tunda yanzu ba wanda zai ce na yi rashin kunya. Na ce mata ta ajiye biron. Lokacin da ɗiyata take da rai, tana zaune kusa da murhuna, ban kira ta ba. Yanzu in kira wa ya amsa?